Kwalba Ta Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Nefa ta ɗauke, janareto ya karɓa da tari.
Daga ni sai kwalabe sha tara
da injin da ke juya jini
har ruwa ya taso, ja ya kwanta.

Ba na shiga ɗakin jinya.
Ba a kawo mini fuska,
sai suna a jikin gilashi da rubutun mai sauri.

Ta shida, tsohuwa ce daga Mushin.
An ce tarinta ya hana kowa runtsawa,
tana kiran 'ya'ya a waya, tana rabon zannuwa.
Na duba: jini kwance kamar ruwan randa.
Mama, mayar da kayanki akwati,
da sauran shan ruwanki.

Ta sha ɗaya ce ta tsaya mini a wuya.
Tanimu Gwadabe, hamsin da huɗu.
Mai albasa, rumfa ta uku a Mayil Tuwel.
Ranar da mota ta zubar da ni a Ikko
ban san gabas ba, ban san yamma ba,
shi ya tura jakata ƙarƙashin buhu,
ya sa yaronsa ya kai ni har Agege.

Nas Nkiru ta ce shi ke riƙe da dariyar ɗakin.
Ya share teba da magariba, ya nemi ƙari,
yana koya wa wani lauya sunayen albasar Aliero,
yana cewa a sallame shi gobe, kaya na jira,
korona ai ciwon masu hawa jirgi ce.

Si-ar-fi, da ba ya kai goma a jikin mai lafiya,
ɗari da tamanin da bakwai.
Feritin ya haura dubu bai waiwayo ba.
Fararen ƙwayoyi kuwa,
masu saurin hannu sun cika fili,
masu riƙe kamannin maƙiyi sun kusa ƙarewa.
Jiki ya ji motsin ɓarawo a huhu,
ya banka wa gidan wuta don ya kama shi.

Na sake gwadawa.
Na so a ce injin ne ya yi ƙarya.

Shi ya taɓa ce mini:
Laraba, kar ƙyallin ɓawo ya ruɗe ki,
matsa wuyanta,
daga ciki take fara ruɓa.

Na buga wa Dakta Morenike.
Ta yi shiru, ina jin numfashinta cikin takunkumi.
Gado ɗaya ya rage kusa da bututun iska.
Kafin asuba aka tura shi can,
yana faɗa, yana tambayar wa ya kai ƙararsa,
shi da ko ciwon kai ba ya ji.

Dare biyu aka yi.
A na uku magana ta fara yanke masa a tsakiya,
salati ma sai ya raba shi gida uku.
Amma bututun na nan a kansa,
ba a yi gudu a baranda ba,
ba a nemi tukunyar iska an rasa ba.

Babana kan ce gobe ta Allah ce.
Ban musa ba, Baba.
Ban ga gobe ba.
Hayaƙi kawai na gani ta ƙasan ƙofa,
na ƙwanƙwasa.

Yau kwana tara.
Tsohuwar Mushin ta koma gida da zannuwanta,
lauyan da jininsa bai nuna mini komai ba
an fita da shi shekaranjiya, a rufe.
Wannan ma na rubuta shi, don kar na yi girman kai.

Ruwa na dukan kwano, titi ba danfo ko ɗaya.
An sake kawo kwalbar Tanimu, da ɗuminta.
Na sa ta a inji.
Saura minti huɗu.
Na cire safar hannu, na sake sakawa.